Laimar Kwaɗi a Kan Baƙin Ƙyalle

Litinin, bayan la'asar

Ranar da jaki ya dawo shi kaɗai, ina kwance a ɗaki ina karatu. Kullum can tunanina yake komawa. Saura kaɗan in ga ko yarinyar cikin littafin za ta yafe wa saurayinta, sai na ji Bashira, matar ƙanen mijina, tana cewa, "Ni'ima, fito ki gani." Na ce ina zuwa. Sai da na ƙarasa shafin sannan na fito.

Jakin yana tsaye a bakin zaure, goran furar da na dama yana rataye a jikinsa, ko buɗe shi ba a yi ba. Da safe mijina Haliru da ƙanensa Almu suka tafi da shi gonarsu ta gefen daji, ta hanyar Kebbe, can 'yan bindiga suka kama su. Lokacin ana noman farko. Yanzu gero ya wuce kaina.

Jiya aka kawo Haliru. Shi kaɗai.

Talata, da hantsi

A littattafan da nake karantawa, in miji ya dawo daga wahala, matar takan faɗa jikinsa tana kuka, shi kuma ya ɗago fuskarta ya kira ta da wani suna mai daɗi. Na daɗe ina shirya wannan ranar a raina. Na yi lalle, na turara ɗaki, na ɗaura atamfar da ya sayo mini a kasuwar Tambuwal. Ya dubi hannuwana, ya kau da kai.

Ba zan rubuta yadda na ga idon sawunsa ba.

Inna, mahaifiyarsu, ta riƙe shi a tsakar gida ta ce, "Ina Auta?" Haka take kiran Almu. Ya ce, "Shina nan." Inna ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala. Bashira ta shige ɗaki da gudu don kada a ga dariyarta.

Laraba, da yamma

Bai ci tuwo ba.

Alhamis, bayan azahar

Yau ma loma biyu. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, miyar kuka ce tsura, daddawa ma sai da na roƙo. Tun da shanun gidan nan suka tafi ba nono, ba man shanu, rumbu kuma an kai ga daɓe.

Inna ta ce, "To, in ba ka ci, miƙa wa Bashira, ita ba ta ƙi." Sai ya fizgi kwanon ya rungume kamar za a ƙwace masa.

"Kada wanda ya ci abin hannuna," in ji shi.

Bashira ta ce, "Yaya, rowar kuma can ka koyo ta?" Ita kaɗai ta yi dariya. Ya tashi ya kife tuwon a kwandon shara da kansa.

Asabar, da sassafe

An kwana ana ruwa. Na farka ban gan shi ba. A bayan gida na same shi, a tsohon makwancin shanu, inda ciyawa ta yi baƙi-ƙirin saboda taki. Laimar kwaɗi ta fito a wurin, farare tas, sun yi da'ira kamar 'yan mata a dandali. Yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana murƙushewa da diddige. Da ya gama ya haƙa rami da fartanya ya binne.

Na ce, "Mi sunka yi maka?" Ba don ina son amsa ba. Muryarsa nake so in ji.

Ya ce, "Wagga kisa take. Akwai wadda ake ci, amma ba ita ce ba."

Na ce, "Ana cin laimar kwaɗi? Mu a Tambuwal ƙwallo muke yi da ita."

Ya dube ni. Tun da ya dawo, yau ne ya dube ni. Ya ce, "Ɗauko faifai."

Asabar ɗin dai, da la'asar

Ba mu yi nisa ba, bakin fadama kawai, inda ake hango katangar gida. A gindin tsamiyoyi, cikin ciyawa, ya nuna mini wata doguwa, ta kusa kai gwiwata, kanta ya kai faɗin murfin kwano. Ya durƙusa yana magana a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala.

Ya ce in dubi samanta, ɓawo-ɓawo ne ruwan ƙasa, da ɗan tudu a tsakiya kamar cibiya. Ya ce in dubi ƙafarta, zane gare ta kamar fatar maciji, ita kuwa mugunyar ƙafarta sumul take. Akwai wani zobe a wuyanta, ya sa na kama shi na ja sama na ja ƙasa, yana tafiya kamar awarwaro. Ya kife ta ya nuna mini cikinta, layi-layi, fari kamar madara.

Na ce, "Shi ke nan, in hura wuta?"

Ya ce, "A'a. Duk wanga ido ne, ido kuwa ana ruɗinsa. Sai ta kwana."

A ɗaki ya ciro wani baƙin ƙyalle daga aljihu, ya shimfiɗa a ƙasa, ya tsinke kan laimar ya kife a kai, ya rufe da kwano. Ya ce tana zubar da gari kamar hoda. In fari ya zuba, a ci. In kore-kore ne kamar tsatsar tagulla, a binne, a wanke hannu da toka.

Ya yi magana yau fiye da duk kwanakin nan a haɗe. Ko kalma ɗaya babu a kaina. Amma na ji daɗi, Allah ya sani.

Lahadi, da hantsi

Fari ne. Ya fito a kan ƙyallen kamar an zana rana da alli.

Ga yadda ya ce a yi. Ba a cin ƙafar, tauri gare ta kamar igiya. Ba a jiƙa ta a ruwa, sai dai a goge da tsumma mai laima, a duba cikin layukan ko da tsutsa. Na yayyanka ta falle-falle, na sa ɗan man gyaɗa a kasko, albasa, gishiri, tattasai guda. Ta fara fitar da ruwa, ya ce in bari ya ƙone tas, har gefenta ya yi ja. "Kada ki bar ta da ɗanye ko kaɗan," ya faɗa ya fi sau uku.

Ƙamshi ya cika gidan. Bashira ta leƙo tana toshe hanci da gangan. "Amaryar littafi, yau abincin kwaɗi anka dafa wa maigida? A wane shafi kinka gani?"

Na ce, "Shafin da ba ki kai ba. Ki dai iya haɗa baƙi tukuna."

Ta ɗanɗana da kan yatsa, ta sake ɗanɗanawa, ta ce, "Kai, kamar hanta." Sai da na buge hannunta. Inna ta ce ita ta tsufa da cin abin da kwaɗi ke fakewa a ciki.

Ya cinye nasa, har ya sa yatsa ya lashe man. Amma sai da ya tabbata ni na zuba wa Bashira, ba shi ba.

Talata, bayan magariba

'Yan bindigar sun kira.

Wayar Yaya Kamilu suke kira, babban wansu, shi ne ke tsaye a kan komai tun farko. Na ji shi ta katangar zaure yana cewa, "To ku ba ni shi in ji muryarsa." Sun ce Almu ya tafi ɗebo ruwa. Wancan makon sun ce barci yake.

Babur suke so, sabo, kuma ɗan gida ne zai kai da kansa.

Haliru yana zaune a bakin ƙofa yana jin komai. Ya tashi ya zagaya bayan gida. Na bi shi da buta, na tarar ba abin da yake yi, yana tsaye yana kallon inda ya binne laimar.

Laraba, da rana

Umma ta kira daga Tambuwal. Ta ce tunda an gan shi lafiya, in zo gida in huta kwana biyu, ai kowa yana kwashe nasa daga ƙauyukan nan. Na ce to. Ba zan je ba.

Na buɗe jakar littattafaina na ɗauko guda, na karanta shafi ɗaya sau uku. Saurayin ya shigo da mota mai baƙin gilashi. Na mayar.

Juma'a, da hantsi

Na so in ba shi mamaki. An yi yayyafi da asuba, na fita ni kaɗai kafin ya tashi. A gefen turken jaki na ga wasu ƙanana, ba su buɗe ba tukuna, kamar ƙwai a kan tsinke. Na fasa ɗaya da farce, cikinta fari fat. Na tsinko kaɗan a bakin zane, ina ta tsara yadda zan kai masa a rufe a sabon kwano, ya buɗe ya yi murmushi.

Har na ɗora kasko ya fito.

Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Ya yi ƙwallo da kaskon, mai ya fantsama a bango. Ya kama wuyan hannuna yana girgiza ni. "Kin ci? Kin sa a baki? Ni'ima, kin ci?" Na ce ban ci ba. Ya sake tambaya. Na rantse. Ya sulale ƙasa ya zauna a cikin toka.

Inna ta fito tana salati. Na ce mata kunama ce muka gani.

Hannuna ya yi shati. Yau ne ya fara kiran sunana.

Lahadi, da safe

Ya ce in bar sauran a inda suke, kada in taɓa. Yau ya kai ni wurin. Sun buɗe, sun yi faɗi, kyawawa, sun ma fi ta bakin fadama kyau. Ya sa kara ya kife babbar. Cikinta ya rine, toka-toka da kore, kamar tuwon da ya kwana uku.

Ya ce, "Da fari suke farawa dukansu. In tana ƙarama ba mai gane ta. Wani tsohon Bafillace da munka zauna da shi can, shi ya koya min duka wanga." Ya jefar da karan. "Daga baya ya koya min."

Na ce, "Bayan mi?"

Ya ce ruwa zai sauko, mu shiga ciki. Ko gajimare babu.

Litinin, bayan azahar

Na wanke baƙin ƙyallen. Ina shanyawa na ga ɗinki a gefensa, da jan zare, manya-manyan taku kamar na makaho.

Na san ɗinkin nan. A gabana aka yi shi, ana gobe salla ƙarama. Aljihun rigar Almu ya yage, Bashira ta nemi baƙin zare duk gidan babu, ta ɗinke da ja. Almu ya ce duk wanda ya gan shi a masallacin idi zai san matarsa ba ta gani. Ta bi shi da muciya har zaure.

Na sauke shi daga igiya tun bai bushe ba, na kai ɗaki.

Ai mutum yana iya yaga aljihunsa ya ba ɗan'uwansa. Yana iya yi. Don ɗaure ciwo, ko don wani abu.

Talata

Ba ruwa. Ba laima. Bai ci komai ba.

Laraba, da la'asar

An sayar da gonar bakin hanya, babur ya iso. Yana zaure a jingine, ko ledar kujerarsa ba a cire ba. Yara suna ta leƙe. Yaya Kamilu zai tafi da shi ranar Asabar bayan asuba, za su faɗa masa inda zai bi in ya kama hanya.

Matarsa ta shigo wajen Inna da jaririnta a baya, ta durƙusa. Kowa ya san na gidan Ɗangiwa da ya kai irin wannan saƙon bara. An karɓi saƙon, an riƙe shi. Inna ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai ta ce, "Shi wancan ai babba ne. In bai tafi don ƙanensa ba, wa zai tafi? Allah na nan."

Haliru ya ce, "Ni in tafi." Yaya Kamilu ya ce, "Kai da ko buta ba ka iya ɗauka? Zauna, ka yi naka."

Na jira Haliru ya ƙara wata magana. Na ga bakinsa ya motsa. Bai ƙara ba.

Alhamis, da hantsi

An yi ruwa. Mun je bakin fadama mun samo biyu manya. Muna dawowa ya tsaya a gindin tsamiya, bai dube ni ba, faifan yake kallo.

Ya ce, "'Yan kaɗan na samu rannan. Ƙanana. Mun kwana biyu ba a ba mu komai ba. Na gasa su a bakin wutarsu." Ya juya laimar da yatsa. "Ni ban ci ba. Na ce mashi na ƙoshi. Shi ya fi ni jin yunwa, tun muna yara haka yake."

Ban tambayi wa ba.

Ya ce, "Ba ruwa wurin, Ni'ima. Da akwai ruwa, da wataƙila ya tashi. Amai da zawo ne kawai. Ruwa kawai nike roƙo."

A littattafaina, wanda ya hana kansa ya ba wani shi ne gwarzon labari. Sau nawa na yi kuka a kan irin wannan shafin, ina cewa Allah ya ba ni mai irin wannan zuciya. To, ya ba ni.

Na ce, "Ka gaya wa Yaya Kamilu. Jibi zai tafi."

Ya ce, "In na faɗa, Inna za ta ce yaya anka yi. In dube ta in ce da hannuna?"

Na ce, "Ba ka sani ba lokacin."

Ya ce, "Na ce mata shina nan. A gaban kowa na faɗa." Sannan ya kama hannuna, daidai inda shatin yake, amma a hankali. "Ke kaɗai na gaya wa, don ke kaɗai nike iya kallo. In kinka fitar da ita, ban san ko zan ƙara iya kallonki ba."

Shekara guda da rabi ina jiran ya faɗa mini magana irin ta littafi. Ga ta nan, ya faɗa.

Alhamis, da yamma

Bashira ta shigo ɗakina neman lalle. Ta wanke kayan Almu kaf, ta share ɗaki, ta ce in ara mata turaren wuta. Ta zauna a bakin gadona tana kaɗa ƙafa.

"Ke, karanta min wurin nan da mijin ke dawowa. In ji mi ake cewa. Kada in tsaya ina kallonsa kamar tunkiya."

Na ce idona yana ciwo.

Ta ce, "Ƙarya kike, rowa ce, kin koya wurin mijinki. To ni ce mashi zan yi, kai, ka rame kamar kara, zo ka ci abincin kwaɗi." Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ni na ƙunsa mata lallen. Tana zaune a kan katifar da ƙyallen yake ƙarƙashinta. Macen da ya kamata a ce ta daɗe da shiga takaba, ni na zana mata fure a tafin hannu.

Juma'a, da sassafe

Fari ne ya zuba a kan ƙyallen. Na soya, ya ci. Ya ce gishirin ya yi daidai.

Juma'a, da hantsi

Yaya Kamilu yana zaure yana zuba wa babur mai. Ɗansa na tsakiya yana riƙe masa mazurari. Na ji yana ce wa yaron ya riƙa ba jaki ruwa kullum har ya dawo.

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da shi ba. In ya shigo nakan durƙusa in gaishe shi, in bar wurin. Ban san yadda ake fara magana da shi ba.

Na sake roƙon Haliru. Ya juya fuskarsa bango. Na ce to ni zan faɗa. Bai ce kada in faɗa ba, bai ce in faɗa ba. Ya ja zane ya rufe kansa.

Wataƙila gobe war haka ina cikin motar Tambuwal da jakar littattafaina. Wataƙila kuma ina nan, yana wuce ni kamar turmi. Ban san wanne ya fi ba.

Juma'a, ana kiran salla

Na kakkaɓe ƙyallen, na ɗaure shi a bakin zanena. In an sauko daga masallaci zan tare Yaya Kamilu a zaure in nuna masa jan zaren, in gaya masa Almu ya rasu, kada ya je. In ya tambayi yadda aka yi, zan ce ciwon ciki ne.